Sharkutri: asalin kalmar, da abun da take nufi kafin ta zama sunan katako

Wata 'yar'uwa mai sana'ar girkin biki ce ta yi tambaya, tace amarya ta kafe lallai sai an haɗa mata "charcuterie" ranar kamu, har ta turo mata hotunan wani faffaɗan katako an jera siraran yankan nama da cuku da inabi da biskit, ita kuma ta karɓi aikin amma zuciyarta bata kwanta ba. Tana so ta san yaren su wa ne, me kalmar take nufi, kuma ko akwai abun da bai dace da Musulmi ba a ciki.

Toh Hajiya, wallahi kin yi kyan kai da kika tsaya kika tambaya kafin ki buga sunan a takardar jerin abincinki, don mutane da yawa sun ɗauka sunan katakon ne ko sunan salon jera abincin, alhali ko kusa ba haka bane. Ni na yi shekaru ina aiki a kicin ɗin otal a ɓangaren abinci mai sanyi, inda ake ajiye irin wannan naman ana yanka shi, kuma da Faransanci na yi karatu, don haka kalmar nan kullum tana bakinmu a wajen aiki. Faransanci ce. Ana furta ta kusan "shar-ku-tri", shi yasa daga nan zan riƙa rubuta ta sharkutri. Kuma tun asali sunan sana'a ne da shagon mai sana'ar, ba sunan faranti ba.

Kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko "chair", wato tsoka ko nama, wadda a tsohon Faransanci ake cewa "char", ita kuma ta fito ne daga Latin, yaren Romawa, inda suke ce wa nama "caro". Ta biyu "cuit", wato dafaffe, daga aikatau "cuire", dafawa, shima daga Latin "coquere". In kika haɗa su kin samu "chair cuite", dafaffen nama kenan. Mutumin da yake sayar da shi sai aka kira shi "chaircuitier", mai dafaffen nama, da tafiya tai tafiya baki ya sassaƙe kalmar ta koma "charcutier", kamar dai yadda mu ma muke gutsure kalma in ta yi mana tsawo a baki. Wannan "erie" ɗin na ƙarshe kuma ɗafi ne da Faransawa suke liƙawa don nuna wurin sana'a ko ita kanta sana'ar ko hajar da ake sayarwa a wurin. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun san shi sarai don kullum suna ganinsa a allunan shaguna, "boulangerie" gidan burodi, "pâtisserie" wajen kek da kayan fulawa, "boucherie" mahauta. Kenan sharkutri tana ɗaukar ma'ana uku a Faransa har yau: shagon, sana'ar, da kuma kayan da ke cikin shagon.

Wani abu da yake min daɗi game da rabin kalmar na biyu shine mu Hausawa mun daɗe muna furta danginta bamu sani ba. Kuku da muke ce wa mai girki, daga Turanci muka aro, su kuma Turawan Ingila daga wannan saiwar ta Latin suka samo. Kicin ma haka, tsatso ɗaya ne. Biskit kuwa shi ne ma ya fi kusa, don "bis cuit" ne, ma'ana an gasa sau biyu, wato "cuit" ɗin da ke cikin biskit shi ne dai wanda ke ɓoye a tsakiyar sharkutri. Kinga kenan a kan katakon amaryar taki akwai kalmar sau biyu.

Yanzu ga inda tambaya take tasowa, kuma duk wanda ya yi aiki da kayan nan sai ta zo masa: in dai ma'anarta dafaffen nama, me yasa mafi shaharar kayan cikinta basu taɓa ganin wuta ba? Busasshen sosej ɗin nan mai farin gari a bayansa da suke kira "saucisson sec" ɗanye ne, gishiri da iska ne suka fi yin aiki a kansa. Cinyar da ake yankawa siriri kamar takarda ita ma ɗanya ce. Amsar tana cikin tarihin rigimar 'yan kasuwar birnin Paris, kuma nan ne nake so ki ɗan ba ni lokaci don shi ne zuciyar maganar.

A ƙarni na 15 ba kowa ke tashi ya kama sana'ar da ya ga dama a Paris ba. Kowace sana'a tana da ƙungiyarta mai dokoki da shugabanni da iyakar abun da aka yarda ta taɓa, sai ka yi shekaru kana yaron gida a ƙarƙashin maigida kafin a yarda ka buɗe naka wurin. Wanda ya san yadda Sarkin Fawa yake da iko a kan rundawa a kasuwannin ƙasar Hausa, ya san wa zai yanka, ina za a yanka, wa ya karya ƙa'ida, zai gane tsarin da sauri, sai dai nasu a rubuce yake da hatimin hukuma. Mahautan Paris ƙungiya ce mai ƙarfi da dukiya, ɗanyen nama nasu ne su kaɗai. A shekarar 1475, zamanin sarki Louis na 11, aka bai wa masu dafaffen nama nasu dokokin suka zama ƙungiya mai zaman kanta, amma da sharaɗi: su dafa su sarrafa su sayar, ɗanye kuwa ba nasu bane, dole su je wajen mahauta su saya. Kenan sunan nan "mai dafaffen nama" iyaka ce aka shata musu, ana gaya wa kowa cewa wannan ba mahauci bane, abun da ya wuce ta hannun mahauci ne yake sarrafawa. Sai a 1513, zamanin Louis na 12, suka samu izinin sayen alade da kansu ba tare da sun bi ta hannun mahauta ba. Su kansu ƙungiyoyin sana'ar an rushe su gaba ɗaya a 1791 lokacin juyin juya halin Faransa, amma sunan ya riga ya zauna. Kuma mutumin da aka hana shi sayar da ɗanyen nama, ga shi babu firji a duniya, dole ya ƙware a duk wata dabara ta hana nama ruɓewa, dafawa, sa gishiri, banda da hayaƙi, shanyawa, binne nama a cikin kitse. Haka busasshe da ƙyafaffe suka shigo ƙarƙashin sunan dafaffe suka zauna har yau.

Sai babbar maganar da ta shafe ki kai tsaye. Dabbar da wannan sana'a ta ginu a kanta alade ce. Ba wai wani lokaci ana sa naman alade a ciki ba, a'a, shi ne ginshiƙin, charcutier a Faransa mai sarrafa naman alade ne kafin komai, in Bafaranshe ya ce zai je sharkutri to abun da ke ransa kenan sai dai in an rubuta akasin haka a ƙofar shagon. Har akwai wasu ma'aikata a kasuwannin da ake kira "langueyeurs", daga kalmar "langue" wato harshe, aikinsu su kayar da alade su duba ƙarƙashin harshensa ko akwai ƙurajen tsutsar ciki kafin a yarda a sayar. Shi kuwa mahauci, "boucher", sunansa daga "bouc" ne, bunsuru, don asali mai yanka awaki ne. Abun ya girmi Faransa kanta ma, tun zamanin Romawa mutanen Gaul, wato ƙasar da ta zama Faransa daga baya, sun yi suna wajen naman alade mai gishiri har ana kai shi birnin Rum, kuma wani dattijon Baroma mai suna Cato ya rubuta yadda ake jera cinyoyi a tulu ana barbaɗa gishiri tsakaninsu tun wajen shekara 160 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Dalilin da yasa alade a fili yake in kika duba rayuwar ƙauyensu. Saniya ta madara ce da huɗa, tunkiya ta ulu ce, alade kuwa ba shi da wani amfani sai nama, yana cin ragowar abinci da 'ya'yan itatuwan daji ya yi ƙiba da sauri. Sai a bari sanyi ya shigo, wajen Nuwamba zuwa Disamba, a yanka guda ɗaya, kuma wannan guda ɗayan shi zai riƙe gida har shekara ta zagayo, don haka ba a zubar da komai. Cinya a sa mata gishiri a rataye, wannan ne "jambon", daga "jambe" wato ƙafa. Guntattakin nama a niƙa da kitse a ɗura a hanji. Hanta a yi "pâté" da ita, wato a niƙa ta a dafa ta zama kwaɓin da ake shafawa a burodi. Jini a dafa shi a hanji ya zama "boudin noir", wanda shi ko da na rago ne haramun ne a wajenmu. Naman da aka dafa a kitsensa har ya dagargaje a zuba a kasko kitsen ya daskare a samansa ya toshe iska shi ne "rillettes", garuruwan Le Mans da Tours suka fi suna da shi, in kika gan shi zai tuna miki da dambun nama sai dai shi jiƙe yake da kitse.

Italiyawa kuma da suka zo sa wa irin wannan kayan suna basu kalli wuta ba, gishiri suka kalla, kuma a ganina nasu sunan ya fi faɗin gaskiyar abun. Suna cewa "salumi", daga "sale", gishiri, Latin "sal", shagon kuma "salumeria". Salami da kike gani a manyan kantuna iri ɗaya ne kawai daga cikin salumi, jam'in "salame" ne. Sosej ɗin da ake sa mana a shawarma shima asalin sunansa daga Latin "salsus" ne, mai gishiri, haka salak ɗin da muke yankawa da latas da tumatir, sunansa ganyen da aka sa wa gishiri. "Prosciutto" kuma, cinyar nan ta garin Parma da ake rataye ta sama da shekara guda ba a sa mata komai sai gishiri, sunanta daga busarwa ne, abun da aka tsotse wa ruwa. Mutanen Sifaniya suna ce wa masu hanji "embutidos", wato ɗurarru. Jamusawa suna cewa "Aufschnitt", yankakke. Kowace al'umma ta kama ɓangare ɗaya na aikin ta sa wa abun suna da shi, wani wuta, wani gishiri, wani ɗuri, wani wuƙa.

Turawan Ingila sun ari kalmar Faransawan tun ƙarni na 19 amma ta daɗe tana kwance a littattafan girki da bakin masu gidajen abinci, sai a 'yan shekarun nan da Instagram da TikTok suka ɗauki hoton katakon nan suka yaɗa shi, musamman daga Amurka, shine kalmar ta fita duniya, kuma a hanya ma'anarta ta zame. Yau zaki ga an jera cakulan da kankana da alawa babu ko ƙwayar nama an ce sharkutri ne, har wani ya shafa man shanu a katako ya kira shi da dangin sunan. Bafaranshe in ya ga haka ba zai gane ba, don a wajensa cuku ma ba sharkutri bane, shi yana da nasa shagon daban da nasa lokacin a teburi. Ni bana faɗa da yadda harshe yake sauyawa, haka kowace kalmar aro take yi, amma ina ganin wanda yake sayar da abinci ya kamata ya san ma'anar asali saboda ranar da zai shiga kanti ko ya yi tafiya. Kuma masu jin Faransanci sun san kalmar ta haifi wani aikatau mara daɗi, "charcuter", in likita ya yi wa mutum tiyata ya daddatsa shi ba tsari haka ake cewa, har 'yan siyasa in suka yayyanka mazaɓu don son kai ana kiran abun "charcutage électoral".

To akwai na halal? Akwai sosai, kuma ba sabon abu bane da aka ƙirƙiro jiya don a kwaikwayi Turawa. Turkawa suna da "pastirma", naman sa da ake sa wa gishiri a danne shi da nauyi ruwan ya fita a shanya, sannan a shafe bayansa da wani kwaɓi na hulba da tafarnuwa da jan barkono, garin Kayseri ne ya fi shahara da shi, Masarawa da mutanen Sham suna ce masa basturma. Dangin wannan sunan ne ya bi ta Romaniya, Yahudawan can suka tafi da shi New York a ƙarshen ƙarni na 19 ya zama pastrami. Suna kuma da "sucuk", busasshen sosej na naman sa mai tafarnuwa. A Maroko akwai "khlii", busasshen nama da ake dafawa a kitse a adana shi watanni, mutanen Fas ne gwanayensa. Larabawa kuma tun fil azal suna da ƙadid, naman da aka yayyanka aka sa gishiri aka shanya a rana, har ya zo a hadisin da Ibn Majah ya ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, jikinsa na rawa, sai ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, shi ba sarki bane, ɗan wata mata ce da take cin ƙadid. Ko a Turai ɗin ma akwai na naman sa, "bresaola" ta kwarin Valtellina a arewacin Italiya, "cecina" ta yankin León a Sifaniya, da busasshen naman yankin Grisons a Suwizalan, sai dai waɗannan kasancewarsu naman sa bai warware maganar yanka ba, wannan kuma sai ki nemi mai tambarin halal ko ki tambayi malamai.

In zaki saya a kanti, dan Allah ki juya bayan ledar ki karanta da kanki kar ki dogara da hoton gaba ko maganar yaron kanti. Da Faransanci ki kiyayi "porc" wato alade, "lard" da "lardons" wato namansa mai kitse, "saindoux" wato man alade, da "jambon" in ba a biyo shi da "de dinde" ba, ma'ana na talotalo. Da Italiyanci "suino" ko "maiale", da Sifaniyanci "cerdo", da Jamusanci "Schwein". Tarkon da ya fi kama mutane shine sosej a rubuta masa naman sa da manyan baƙaƙe, amma kitsen da aka haɗa na alade ne, ko hanjin da aka ɗura shi a ciki na alade ne, da Faransanci zaki ga "boyau de porc" can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, na sha ganin wannan da idona a kayan da ake kawo mana. Wasu salamin kuma ana zuba musu giyar inabi a kwaɓin, zaki ga "vin" ko "vino". Ki duba "gélatine" ma a kan su pâté, wato sinadarin daskararwa da ake yawan yi da fatar alade.

Na san wani zai ce ai mu ma muna da namu, kilishi ba sharkutri bane? Ta fuskar ilimin abun, matsala ɗaya ce muka warware da su, yadda za a raba nama da ruwansa kafin ƙwayoyin cuta su riga mu, don su ƙwayoyin nan basa rayuwa sai da ruwa, gishiri yana zuƙo ruwan waje, iska ta kwashe. Amma yanayin ƙasa ya raba hanya. Su suna da sanyi mai ɗan laima na watanni, sai su rataye cinya sukutum ta bushe a hankali daga waje zuwa ciki, salami ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, a cikinsa kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani irin masu sa nono tsami suna aiki su ba shi ɗan tsamin nan da ke kare shi, farin garin bayansa ma wata fumfuna ce mai amfani da gangan ake barinta. Mu kuwa in muka rataye cinya haka a zafin Maris a Kano ko Zinder kafin ciki ya bushe ya ruɓe. Shi yasa mai kilishi yake shimfiɗa tsoka da wuƙa har ta zama kamar ganye, ya baza a kan gadon kara rana ta busar da ita cikin sa'o'i, ya tsoma a labu na tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, ya sake shanyawa, sannan ya ɗan nuna masa wuta. Kinga shi kilishi ma ya fi cancantar a ce masa dafaffen nama fiye da salami tunda ya ga garwashi. Kuma wannan ƙwarewar wuƙar ta masu kilishin Agadasawa a Kano ko na Madawa a Nijar, na tsaya kusa da masu yankan cinya na Turai na gani, wallahi bata gaza tasu ba. Kilishin Nijar har rajista yake da ita a hukumar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka da ke Yawunde, irin kariyar sunan yanki da cinyar Parma take da ita a Turai. Amma ni ban so a riƙa ce masa sharkutrin Hausa, sunansa kilishi, yana da tarihinsa, baya buƙatar aron rigar wani.

Akwai gargaɗi guda da ba zan iya tsallakewa ba don na ga mata suna kallon bidiyo suna cewa zasu gwada busasshen sosej a gida. Kar ki yi. Nama niƙaƙƙe da aka ɗura a hanji, babu iska a ciki, ga ɗumi, shi ne gidan da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ta fi so, gubarta tana shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya, kuma naman ba lallai ya yi wari ba balle ki gane. Sunan ciwon ma, botulizim, daga "botulus" ne, sosej da Latin, saboda wani likita Bajamushe Justinus Kerner ya bi diddigin mutanen da suke mutuwa bayan cin sosej a yankin Württemberg wajen 1820, daga baya a 1895 wasu makaɗa suka ci cinya mai gishiri a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam wasunsu suka mutu, a nan ne Emile van Ermengem ya gano ƙwayar kanta. Abun da masu sana'ar suke karewa da shi wani gishiri ne na musamman mai sinadarin naitirait, ana auna shi da sikeli daidai gwargwado don shima in ya yi yawa guba ne, shi ne yake bai wa naman launin ja-ja ɗin nan da baya komawa toka. Ba kanwa bace, ba manda bace, kar wani ya ce miki za a iya musanyawa. Sannan a 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama irin wannan a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin ɗari, kenan abun marmari ne na ranar biki ba na kowace safiya ba. Masu juna biyu kuma likitoci suna hana su irin wanda ba a dafa ba.

Game da aikin da kika karɓa, shawarata ki kira amaryar ki gaya mata ma'anar a taƙaice, kusan na tabbata kyan jerin ne ya burge ta ba naman Turawa ba. Ki haɗa mata da kilishi ja da fari a yanka shi ƙanana yadda za a ɗauka da yatsa biyu, dambun nama na sa da na kaza a 'yan ƙananan kwanuka, in kin samu pastirma ko salamin talotalo mai tambarin halal ki naɗe shi siriri ki ƙara, cukun Nijar a ɗan gasa shi ko soyayyen awara na madara, dabino, inabi, zaitun, yankakken kokwamba, gyaɗa da cashew, gurasa ko biskit mara zaƙi a gefe, da ɗan yaji a tsakiya. Kilishi da dambu zasu jure zaman waje, amma duk wanda ya fito daga firji kar ya wuce awa biyu a kan katakon, in kuma a waje ake taron ana zafi to awa ɗaya, gara ki riƙa fitowa da shi kaɗan kaɗan daga kula mai ƙanƙara. Katakon ma ki shimfiɗa masa takardar gasa kek kafin ki jera don maiƙon kilishi yana shiga jikin itace baya fita. A takardar jerin abincin kuma in dai sai kin rubuta sharkutri ɗin saboda amarya, ki ɗora "halal" a gabansa da baƙaƙe masu girma, don in akwai baƙi daga Yamai ko Maraɗi a cikin dangin ango, da sun ga kalmar ita kaɗai hannu zasu janye.